Ƙwaro, Funfuna da Gatari: Abubuwan Mamaki Daga Dazuzzukan Ƙasashen Sanyi

Can ƙuryar arewacin duniya akwai wani daji da ya faro daga Alaska, ya ratsa Kanada, ya tsallake teku ya ɓullo a Norwe da Suwidin da Finlan, sannan ya miƙe cikin Rasha har gaɓar tekun Fasifik. Rashawa na kiransa taiga. Fiye da rubu'in dazuzzukan duniya a nan suke. Amma duk faɗin nan nasa, irin itatuwansa ba su taka kara sun karya ba: fayin, sufurus, balsam, laci, sai birci mai farin ɓawo da wasu 'yan kaɗan. Mutum sai ya wuni a jirgin ƙasa bai ƙirga iri goma ba. Don haka duk ƙwaron da ya ƙware a cin itace guda, ya samu abincin da zai bi daga wannan teku zuwa wancan. Ga wasu daga cikin abubuwan da ke gudana a wannan daji da maƙwabtansa na kudu, tsakanin itatuwa da ƙwari da cututtuka da masu riƙe da gatari.

Ƙwaron da ya rina duwatsu ja

A lardin British Columbia na yammacin Kanada akwai wani baƙin ƙwaro mai huda ɓawon fayin, tsawonsa kimanin rabin santimita ne. Ɗan gida ne. Ya yi dubban shekaru yana kashe tsofaffin itatuwa jefi-jefi, ba wanda ya kula shi. Daga ƙarshen shekarun 1990 sai ya ɓalle. Kafin ya lafa ya taɓa dajin da ya haura hekta miliyan 18, kusan kashi ɗaya bisa biyar na faɗin Najeriya, ya kuma kashe kimanin rabin fayin da lardin ke sa ran sarewa ya sayar.

Salon yaƙinsa shi ne abin kallo. Mace ce ke fara huda. Makamin itacen kuwa ƙaro ne: da an huda shi sai ya kwararo da shi, ya tunkuɗo ƙwaron waje ko ya binne shi da rai. To ita macen nan sai ta ɗebi wani sinadari daga cikin ƙaron, ta juya shi a jikinta ya zama wari mai kiran 'yan'uwanta. Cikin 'yan kwanaki ɗaruruwa sun yi dafifi a kan itace guda, kowa na huda, har ƙaron ya ƙafe. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Idan itacen ya cika sai su saki wani warin daban mai nuna babu sauran wuri, masu zuwa a baya su karkata kan na kusa. Malaman daji sun kwaikwayi wannan wari na biyu, suna ƙunshe shi a 'yan jakunkuna su manna a jikin itacen da suke son tserarwa. Ƙwaro ya zo ya sansana, ya ɗauka an riga shi, ya wuce.

Ba hannu rabbana yake zuwa ba. A gefen bakinsa akwai 'yan aljihuna da yake ɗauko ƙwayoyin wata funfuna, wadda ke kutsawa cikin itacen ta toshe hanyoyin ruwa, ta kuma rina katakon shuɗi. Itacen da aka kashe bana zai zauna kore shar har baɗi, sannan ya koma ja, daga baya ganyen ya kakkaɓe ya bar ƙwarangwal mai ruwan toka. Duk ranar da malamin daji ya hango dutse ya yi ja, ya makara da shekara guda.

Me ya kwance ƙwaron? Na farko, sanyi ya ja baya. Tsutsar ƙwaron na cika jikinta da gilisarin, irin wanda ake shafawa lokacin hunturu, don kada jininta ya daskare. Sai sanyi ya kai wajen digiri 40 ƙasa da sifili yake kashe ta a tsakiyar hunturu, kuma irin wannan sanyi ya yi ƙaranci. Na biyu, shekara da shekaru ana kashe duk gobarar da ta tashi a daji, har tsofaffin fayin, waɗanda su ne abincinsa, suka ninka yawansu na farkon ƙarni na 20 kusan sau uku. A 2006 iska ta kwashi ƙwarin ta haye da su duwatsun Rocky, ta sauke su a lardin Alberta inda a da ba su da gindin zama. Wani bincike da Werner Kurz ya jagoranta a 2008 ya ƙiyasta cewa annobar za ta jawo ƙarin tan miliyan 270 na kabon a sararin sama tsakanin 2000 da 2020. Dajin da ke shanye hayaƙin duniya ya koma yana fitar da nasa.

Shuɗin katakon dai bai yi asara duka ba. Da shi aka yi rufin babban zauren tseren ƙanƙara na Richmond a gasar Olamfik ta Vancouver a 2010. Masu injinan yanka katako sun sha romo na 'yan shekaru suna rige-rigen kwashe matattun itatuwa, da suka ƙare kuma masana'antu da dama suka rufe.

Hadarin da ba ruwa a cikinsa

A gabashin Kanada wata tsutsa ce ke sarauta, mai cin tohon balsam da sufurus. Duk bayan shekara 30 zuwa 40 take tasowa. A tashinta na shekarun 1970 ta mamaye fiye da hekta miliyan 50. Wani sabon tashin ya faro a lardin Kwibek a 2006. Idan tsutsotsin sun rikiɗa sun yi fiffike, sukan tashi sama da maraice su bi iska, kuma saboda yawansu har na'urar hasashen yanayi kan nuna su a matsayin hadari. A watan Yulin 2016 irin wannan ayari ya sauka a garin Campbellton na New Brunswick, mutane suka wayi gari suna kwashe su da shebur daga bakin shaguna.

A 1952 lardin New Brunswick ya fara fesa wa tsutsar DDT da jiragen sama. A 1954 feshin ya kai kogin Miramichi, ya kashe ƙananan kifin salmon da ƙwarin ruwan da suke ci. Rachel Carson ta ba da labarin a littafinta na 1962 da ya tayar da ƙurar da ta kai ga hana maganin. Masu bincike sun tarar a 2019 cewa har yanzu akwai ragowarsa a laka a gindin tafkunan lardin. Abin takaicin shi ne feshin bai kawar da tsutsar ba. Ya dai raya itatuwan da take ci, ita kuma ta daɗe tana ci. Da an bar ta, da ta cinye tsofaffin ta mutu da yunwa, ƙananan balsam da ke jira a inuwa su taso. Haka dajin ke sabunta kansa tun fil azal, sai dai masana'antar takarda ba ta iya jiran shekara 50. Yanzu wata ƙwayar cuta ta cikin ƙasa mai suna Bt ake fesawa, wadda ba ta kashe kifi ko tsuntsu, sai tsutsar da ta ci ganyen.

Akwai kuma wata tsutsar mai gashi da ke tsiraita itatuwa masu faffaɗan ganye. A shekarun da ta yi yawa takan rufe titin dogo, ƙafafun jirgin ƙasa su yi ta sulɓi a kan gawarwakinta har ya kasa hawa tudu.

Dare ɗaya, saran shekara guda

A daren 8 ga Janairun 2005 guguwar Gudrun ta bi ta kudancin Suwidin ta kayar da katako kubik mita miliyan 75, kusan abin da ƙasar ke sarewa a shekara. Aka shiga tsere da lokaci, domin faɗaɗɗen sufurus shi ne gidan haihuwar ƙwaron ɓawo na Turai. A wani tsohon filin jirgin sama da ke Byholma aka jibge gumagumai kimanin kubik mita miliyan ɗaya, ana ta yi musu feshin ruwa don kada ƙwaro da ruɓa su shiga. Tsibin ya yi girman da har 'yan yawon buɗe ido ke zuwa kallo.

Jamus da Jamhuriyar Cek kuwa fari ne ya buɗe wa ƙwaron ƙofa. Tun ƙarni na 19, musamman kuma bayan Yaƙin Duniya na Biyu, an yi ta shuka sufurus layi-layi, sa'o'in juna, a ƙasashen kwari inda asali wasu itatuwa ne ke fitowa, don kawai yana saurin girma kuma katakonsa a miƙe yake. Da farin 2018 ya zo, itatuwan suka rasa ruwan yin ƙaro. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Zafin ya ba ƙwaron damar hayayyafa har zuriya uku a shekara guda. Hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna Jamus ta rasa daji kimanin hekta 500,000 tsakanin farkon 2018 da Afrilun 2021. Katako ya yi arha har aka riƙa loda shi a kwantena ana kai wa Sin.

Norwe ta taɓa gwada yaƙar sa da tarko. A 1979 ta kafa tarkuna kusan 600,000 masu ɗauke da warin kiran ƙwaro, suka kama biliyoyi. A Suwidin kuma karnuka aka horar, suna sansano itacen da ƙwaro ya shiga tun yana kore, daga nisan da ya wuce mita 100.

Sai kuma gardamar da har yau ba ta mutu ba: a sare ko a ƙyale? Gandun Dajin Bavariya na Jamus, wanda aka kafa a 1970, ya zaɓi ƙyalewa. Bayan guguwar 1983 hukumarsa ta ƙi kwashe itatuwan da suka faɗi, a shekarun 1990 ƙwaro ya kashe dubban hektoci, mutanen ƙauyukan kewaye suka yi ta zanga-zanga suna cewa an mayar musu da daji maƙabarta. Yau sabon daji ya taso a tsakanin matattun itatuwan, gauraye, ba wanda ya shuka shi. Folan ta bi ɗaya hanyar. A 2016 ministan muhallinta Jan Szyszko ya ninka izinin sara sau uku a wani yanki na tsohon dajin Białowieża da sunan yaƙi da ƙwaro. Kotun Tarayyar Turai ta yi barazanar tarar yuro 100,000 a kullum, a watan Afrilun 2018 kuma ta yanke cewa saran ya saɓa doka. A ganina kowa da gaskiyarsa a wurinsa: mai gonar katako da bashin banki a wuyansa ba zai naɗe hannu ba, amma dajin da ya yi dubban shekaru yana jinyar kansa ba ya buƙatar likita mai zarto.

Agogon da ya tsaya

A duwatsun Alps na Suwizalan akwai tsutsar da ke tsiraita itacen laci duk bayan kimanin shekara tara. Ba ta kashe shi, sai dai zoben girmansa na wannan shekarar kan fito siriri. Masana sun bi zobban tsofaffin itatuwa da na azarar tsofaffin gidaje, suka tarar da wannan tsari bai yanke ba har kusan shekara 1,200. Bayan 1981 sai ya tsaya cak na fiye da shekara 30, daidai lokacin da yankin ya fara ɗumama.

Ɗan itacen da Amurka ta haramta

Wanda ya san lemon Ribena ya san ɗanɗanon wani baƙin ɗan itace da Turawan Ingila ke ji da shi. Yawancin Amurkawa ba su taɓa ɗanɗana shi ba, kuma cutar daji ce sanadi. Wajen 1900 wata tsatsa mai kashe farin fayin ta shiga Amurka a jikin dashen da aka sayo daga Turai. Tsatsar ba ta iya tsallakawa daga fayin zuwa fayin kai tsaye. Dole sai ta ya da zango a ganyen wannan ɗan itace ko danginsa. Sai gwamnati ta haramta noma shi a 1911, a shekarun 1930 kuma ta tura dubban matasa daji suna tumɓuke na jeji da hannu. Ba a ci nasara ba, domin na jejin sun fi ƙarfin tumɓuka. Gwamnatin tarayya ta janye haramcin a 1966, jihar New York ba ta janye nata ba sai 2003. Har yau alawar Skittles mai ruwan shunayya ɗanɗanon inabi gare ta a Amurka, a Ingila kuwa na wannan ɗan itace.

Tsatsar na nan tana ɓarna a kan wani fayin na ƙololuwar duwatsu, wanda Amurka ta sa cikin jerin masu fuskantar barazana a 2022. Shi wannan itace kwansonsa ba ya buɗewa da kansa. Wani tsuntsu dangin hankaka ne ke fasa shi, ya binne dubun-dubatar iri a ƙasa don hunturu, waɗanda ya manta su tsiro. Kurege ma na tara nasa rumbun, beyar kuma ta zo ta fasa ta cinye.

Babbar halitta, ba a ganinta

A dajin Malheur na jihar Oregon akwai funfuna guda ɗaya tal da ta shimfiɗu a ƙarƙashin ƙasa a faɗin hekta 965 ko kusa da haka. Gwajin ƙwayoyin halitta ne ya tabbatar jiki ɗaya ce. An ƙiyasta shekarunta daga 2,400 zuwa sama da 8,000. Tana tafiya da wasu baƙaƙen zare daga saiwa zuwa saiwa tana kashe itatuwa. Abin da ido ke gani kawai shi ne 'yan lemar kwaɗi masu ruwan zuma da ke fitowa da kaka, waɗanda a gabashin Turai ake dafawa a ci.

Wata funfunar, mai ruɓar da zuciyar sufurus da saiwar fayin, ta kututture take shiga. Da an sare itace a lokacin ɗumi, ƙwayoyinta sai su sauka a kan sabon yankan, su gangara saiwa, su tsallaka zuwa lafiyayyen itacen da saiwarsa ke taɓa ta. A da, da ake sara a tsakiyar hunturu kaɗai, sanyi na tsare kututturen. Da injuna suka zo aka koma sara shekara zagaye, cutar ta samu gari. Maganin ba wani abu ba ne illa takin yuriya da manomanmu suka sani, a jiƙa a fesa wa kututturen. Ko kuma a fesa wata funfunar marar cutarwa ta riga mugunyar kama wuri, dabarar da John Rishbeth ya gano a Ingila. Injin saran da kansa ke fesawa ta jikin zartonsa yayin da yake yanka. Wata 'yar'uwar cutar kuma sojojin Amurka ne suka kai ta Italiya a 1944, a jikin akwatunan katako, lokacin da suka yi sansani a dajin Castelporziano kusa da Rum. Sai bayan shekara 60 aka gano asalinta.

Baƙin da aka shigo da su

A ƙarshen shekarun 1860 wani Bafaranshe mai zane, Étienne Léopold Trouvelot, ya kawo ƙwan wata tsutsa gidansa a Medford kusa da Boston, yana fatan samun sabon irin tsutsar siliki. Wasu suka kuɓuce ta bayan gida. Shi dai ya bar harkar ƙwari ya koma zanen taurari a jami'ar Harvard, har aka raɗa wa wani rami a duniyar wata sunansa. Jikokin tsutsarsa kuwa a 1981 kaɗai sun tsiraita daji fiye da hekta miliyan 5. Ba magani ne ya rage musu ƙarfi ba, wata funfuna ce 'yar asalin Japan da ta ɓulla a 1989.

A 2002 aka gano wani koren ƙwaro mai ƙyalli kusa da Detroit, wanda ya zo daga Asiya a cikin katakon ɗaure kaya. Ya kashe gomman miliyoyin itacen ash, wanda 'yan asalin ƙasar ke saƙa kwanduna da shi. Shi kansa ba ya tashi da nisa. Masu ɗaukar itacen wuta a bayan mota zuwa wurin shaƙatawa su ne suka yi masa jigila. Bambancin baƙo da ɗan gida ke nan: ƙwaron gida na cin tsofaffi da raunana ya lafa, baƙo kuwa ya tarar da itacen da bai taɓa koyon kare kansa daga gare shi ba. Saboda irin wannan ne aka yi dokar duniya cewa duk katakon da ake ɗora kaya a kai a kwantena sai an gasa shi har cikinsa ya kai digiri 56 na minti 30, ko a turara masa maganin ƙwari. In ka duba irin waɗannan katakai da ke isowa kasuwanninmu daga tashar Apapa, za ka ga tambari mai hoton zangarniya da haruffan IPPC da HT. Shaidar gashin ce.

Baƙon da ya fi ba ni mamaki shi ne tana, wannan tsutsar ƙasa da kowane manomi ke murnar gani. A arewacin Amurka da yawancin Kanada ƙanƙarar da ta rufe ƙasa fiye da shekara 10,000 da suka wuce ta shafe ta gaba ɗaya, dajin ya taso ba tare da ita ba. Wadda ke can yanzu daga Turai ta zo, masu kamun kifi da fatsa kuma na yaɗa ta idan suka zubar da ragowar abin tarkonsu a bakin tafki. Tana cinye tarin ruɓaɓɓen ganyen da ƙananan itatuwa da furanni ke tsira a ciki, ta bar ƙasa tsirara. Hukumomin jihar Minnesota roƙon masunta suke su zuba ragowar a kwandon shara.

Masu jiran gobara

Wasu irin fayin na liƙe kwansonsu da ƙaro, iri ya zauna a ciki shekaru, ba ya buɗewa sai zafi ya kai wajen digiri 50. Gobara ce ungozomarsu. Akwai ma wani baƙin ƙwaro da ke da 'yan ramuka kusa da ƙafafunsa na tsakiya masu jin zafin wuta daga nesa. Yana isa wurin tun itace na hayaƙi ya saka ƙwai, domin ƙonannen itace ba ya da ƙaron faɗa. Wani masani ya rubuta a 1943 cewa hayaƙin tabar 'yan kallon ƙwallo a filin wasan Berkeley na Kalifoniya kan jawo su, su sauka suna cizon jama'a.

A jihar Michigan akwai ɗan tsuntsun da ba ya sheƙa sai a ƙarƙashin matashin fayin da ya taso bayan gobara. Da aka hana gobara, mazan da aka ƙirga suka ragu zuwa 167 a 1974. A 1980 ma'aikatan daji suka cinna wuta da gangan kusa da tafkin Mack don gyara masa wuri, wutar ta ƙwace, ta kashe ma'aikaci guda ta cinye gidaje. Dajin da ya tsiro a tokar nan shi ya farfaɗo da tsuntsun, a 2019 aka cire shi daga jerin masu shirin ƙarewa. Yanzu a Suwidin da Finlan manyan masu daji da kansu ke ƙona wani yanki don ƙwarin da ba sa rayuwa sai a gawayi. Wannan daban ne da abin da Kanada ta gani a 2023, lokacin da kimanin hekta miliyan 15 suka ƙone. Wasu wutar ba su mutu ba ma da hunturu ya zo. Suka shige cikin ruɓaɓɓiyar ƙasa a ƙarƙashin dusar ƙanƙara suna ci a hankali, suka sake ɓullowa a 2024.

Ƙananan dabaru

Wani ƙwaro mai dogon baki na gwaguye ɓawon sabon dashe a Suwidin. Maimakon guba, yanzu gam ake shafa wa ƙafar dashen a barbaɗa yashi mai laushi, bakin ƙwaron ya kasa kamawa. Masu sara kuma na barin wasu kututture masu tsayin mita uku zuwa huɗu da gangan, su ruɓe a tsaye. Dalili: a Finlan an ƙiyasta nau'in halittu 4,000 zuwa 5,000 ne ba sa rayuwa sai da mataccen itace, cikinsu har da masu farautar ƙwaron ɓawo. Dajin da aka share tas ya kori 'yan sandansa.

Muna da ɗan hannu a lamarin. Wani ɗan tsuntsu mai jar wutsiya da ke sheƙa a dazuzzukan fayin na Finlan yana ciyar da 'ya'yansa da tsutsotsi, idan sanyi ya ƙarato yakan ƙetare Sahara ya yi hunturu a yankin Sahel, cikin ƙayoyi da bagaruwa irin namu. Farin da ya faro a Sahel a 1968 ya rage yawansa a Turai ƙwarai. Itacen da aka sare a nan, ana iya jin rashinsa a can.

Huɗu suka zama dubu ɗari

Mus wani ƙaton dangin barewa ne, ya fi doki tsayi. A jihohin Maine da New Hampshire kaska ce ke kashe shi: hunturu ya gajarta, kaskar ta samu ƙarin kwanakin hawa. Binciken 2014 zuwa 2016 ya tarar kashi 70 cikin 100 na 'yan maruƙan da aka bibiya sun mutu, kowanne ɗauke da kaska wajen 47,000 a matsakaici. Manyan kuma kan yi ta goga jiki a itace har gashinsu ya zube su koma fari fat.

A tsibirin Newfoundland matsalar a juye take. Babu mus a can asali. A 1904 aka kawo huɗu daga New Brunswick don a samu nama, daidai lokacin da kyarkecin tsibirin ke ƙarewa. Yau sun haura 100,000. A gandun dajin Gros Morne tsutsotsi suka kashe manyan balsam a shekarun 1970 da 1980, abin da dajin ya saba da shi, domin ƙanana na nan a ƙasa suna jiran haske. Sai dai wannan karon mus na tsaye a kansu, duk wanda ya ɗago kai sai ya cinye. Wurare da dama suka koma filin ciyawa. A 2011 hukumar gandun, wadda aka kafa don kare namun daji, ta fara ba mafarauta lasisin shiga su harbe su, ta kuma koma dasa balsam da hannu.